Sandar Ƙarfen Marigayi Mamman

Alhaji Mudassir na Ƙofar Kaura ya yi shekara talatin da biyar yana aikin ofis. Da ya yi ritaya, likita ya ce masa ƙafafunsa sun yi laushi, lallai ya nemi abin da zai ƙarfafa su. Yana da shekara sittin da huɗu ya fara zuwa Ƙofar Kwaya wurin Babaji mai walda, wanda ke koyar da ɗaga ƙarfe a wani tsohon zaure bayan shagonsa.

Sanda ce doguwa, ana zura mata faifan ƙarfe gefe da gefe. Alhaji ya bi tsarin samari: sau uku a mako, kullum a ƙara nauyi. Mako na uku ya kasa ruku'u, cinyoyinsa kamar an daka su a turmi. Matarsa Hajiya Lailatu tana gasa masa su da ruwan zafi, tana faɗa.

"Baba Alhaji, jikinka bai gama warwarewa ba kake komowa," in ji Babaji. "Litinin da Alhamis kawai. Ɗagawa uku, ka aje. Na rage nauyin, kada ka ƙara. Ka ci wake da ƙwai, ka samu barci."

Alhaji ya ce to, amma ransa bai so ba. Da hantsi yake zuwa, lokacin da zauren ba kowa, sai ya riƙa ƙara faifai a ɓoye.

Wata Alhamis ya sa sakata, ya ƙara faifai biyu, ya juya ya sha ruwa. Da ya waigo, sai ga su jingine da bango. Bai ji ƙarar komai ba. A waje injin Babaji na ta ruri, bai tsaya ba. Ya ce wa kansa mantuwa ce, ya mayar da su. Ya duƙa ya kama sandar, sai ya ji ta da ɗumi daidai wurin riƙo, kamar yanzu wani ya sake ta. Warin man zafi ya cika zauren, shi kuwa bai shafa ba. Ya ja da iya ƙarfinsa, sandar ta ƙi ko motsi, kamar an taka ta. Ya zare faifan biyu. Ta tashi salin alin.

Ya fita ya gaya wa Babaji. Babaji ya kashe injin, ya cire baƙin tabarau.

"Sandar ta mahaifina ce, marigayi Mamman. Shi ma da tsufa ya fara, kuma bai yarda da hutu ba. Nan muka iske shi kwance, sandar bisa ƙirjinsa."

"To, mi kake nufi?"

"Ban nufi komai ba, Alhaji. Allah ne masani."

Mako biyu Alhaji bai leƙo ba. Da ya dawo, ya tsaya kan abin da aka tsara masa, ciwon kuma ya lafa. Yanzu in zai shiga zauren sai ya yi sallama. Ranar da bai samu barci sosai ba, yakan tarar an rage nauyin tun kafin ya iso, ba ya kuma tambaya. A watan jiya ya tarar an ƙara ɗan ƙaramin faifai kowane gefe. Babaji ya rantse ba shi ba ne. Alhaji ya yi bisimilla, ya ɗaga sau uku, ya aje.