Gaisuwa a Guje

Direba ba ya tayar da mota sai ya shafa sitiyari ya ce mata, "Ina kwana." Fasinjojin farko sukan yi dariya, shi ko a jikinsa. Mutum ne da ba ya iya wuce kowa bai gaishe shi ba, kuma a wurinsa bas ma tana cikin jama'a.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Na san shi tun yana siriri kamar kara, har zaman kujera ya ajiye masa tumbi. Wata shekara kamfaninsu ya tura direbobi awon lafiya. Likita ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce jininsa ya hau, in bai sauka ba kafin awo na gaba, sai dai ya miƙa makulli.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin a tafin hannu.

"Baban yara, kallonsa ba zai sauke maka jini ba," in ji matarsa. "Gobe sai daji."

Dajin gwamnati yana bayan unguwarmu. Akwai 'yar hanya a ciki da ta zagaya ta dawo inda ta faro. Ta bi ƙarƙashin dogayen itatuwa, ta haye gadar katako, ta hau wani tudu mai saiwoyi wanda ba ya kayar da mutum, amma yakan tambaye shi shekarunsa. Nakan bi ta da sandata. Masu sassarfa duk ta dama suke farawa, kibiyar allon da ke bakin hanyar ma can ta nuna. Direba ya ce mai bin bayan mutane ƙeya kawai yake gani. Ya fara ta hagu.

To, ka ga duk wanda ya fito sai sun yi gaba da gaba. Kuma Direba bai iya ɗaga hannu ya wuce ba. Sai ya ja birki, ya miƙa hannu biyu, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da aka ce tana ciwo bara. Kafin ya gama da wannan, ga wani ya ɓullo.

Ran nan matarsa ta ɗaga rigarsa ta shinshina.

"Wannan rigar ta je daji kuwa? Ko wanki ba ta nema."

"Ta je mana. Tambayi Baba."

Na ce lallai na gan shi a daji. Ban ƙara ba, ita ma ba ta nemi ƙari ba. Da yamma dai na hango ta tana magana da wani tsohon soja da muke kira Saja, wanda duk dajin ba mai riga shi fitowa.

Washegari Direba ya miƙa wa Saja hannu, Saja bai tsaya ba. Juyawa ya yi ya jera da shi.

"Ina kwana, Saja?"

"Amsar tana gindin waccan bishiyar. Taho!"

Gaisuwa ba a barinta rabi. Direba ya bi. A gindin bishiya ya samu "lafiya lau", amsar gajiya kuma aka ce tana gada. A gada ga mai burodin unguwa tana jira, tana tsalle wuri ɗaya.

"Yaya, ya yara?" ta ce, ta yi gaba.

"La… lafiya."

"A'a, ɗaya bayan ɗaya. Ya babbar?"

Allah ya albarkaci Direba da 'ya'ya. Autan bai samu shiga ba sai a ƙwanƙolin tudu, inda ubansa ya rungumi bishiya yana haki yana dariya.

"Ku ji tsoron Allah! Injin tsoho ne!"

"Tsoho ne, amma bai buga ba," in ji Saja. "Sa giya."

Haka suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ganye ya sake launi. Rigar ta fara neman wanki kullum, mai wankin tana mita tana murmushi. Ranar awo ban tambayi kowa ba. Na dai ji hon ɗin bas a layinmu, inda bas ba ta da hanya, ana ta danna shi kamar an kawo amarya.

Don godiya ya ce zai kafa benci a kan tudun, inda mutum zai zauna ya gaisa kamar ɗan Adam. Ma'aikacin daji ya yarda. Direba ya hau da katako a kafaɗa, ya kafa ƙafafu, ya buga wurin zama. Saura majingina. Sai dai da ya ɗaga guduma, wani zai wuce a guje ya jefo masa "ina kwana", shi kuma ya ajiye ya bi.

Nakan zauna a bencin in huta, bayana a miƙe. Katakon majinginar yana nan jingine da bishiya, ƙusoshi a cikin gwangwani.