Jema a Bakin Kabarin Kakana

Abin da na fara lura da shi da na sauka daga kan acaba shi ne babu bishiyar lemun da ke bayan gidanmu. Tsakiyar damina ce, na dawo Kafanchan hutu daga makarantar kwana a Kachia. Na ajiye akwati na zagaya. Kwazazzabon da na bari can nesa ya cinye lemun, ya cinye hanyar rafi. Na auna da ƙafa daga bakinsa zuwa kabarin kakana, mahaifin Baba. Taku goma sha ɗaya.

Unguwarmu ta riga ta tashi tsaye. Kowace Asabar ana gayya. Maza suna cika buhunan siminti da ƙasa suna jerawa a gindin ramin, matan zumuntar coci suna dasa ciyawar jema layi-layi a sama. Wani tsohon malamin gona ne ke nuna yadda za a yi, ya ce saiwar jema tana shiga ƙasa sosai ta riƙe ta. Wani Bafulatani da rugarsa ke tsallaken rafi yakan kawo takin shanu a kan keke. Ni aikina ɗaukar dashen a cikin baho, kuma ya yi mini daɗi, don ba sai na yi magana da kowa ba.

Ran Litinin layi uku da ke kusa da kabarin suka ɓace. Aka sake dasawa ran Asabar. Suka sake ɓacewa.

"Shanu ne," in ji wani maƙwabcinmu. "Bafulatanin nan yana kawo taki da rana, shanunsa suna karɓar lada da asuba."

"Haba, oga," malamin gona ya ce, "wace saniya ce take zaɓen layi uku ta bar sauran?"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Mai unguwa ya ce ran Lahadi bayan sujada za su je rugar, shi da mutum huɗu. Ni kuwa na riga na duba wurin. Babu sawun kofato ko ɗaya. Zanen tsintsiya ne kawai, a lanƙwashe, ɗaya kan ɗaya, yadda Kaka, matar mai kabarin, take shara. A bayan kicin kuma na ga jemar a ƙarƙashin tsohon kwando, ta fara yaushi.

A wurinmu, kabarin da ciyawa ta fito a kusa da shi alama ce mai shi bai bar kowa ba. Tun rasuwar kakana, Kaka ba ta tsallake safiya ɗaya ba ta share wurin ba.

Ran Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi. Ina zaune a ɗaki ina jin ƙasa tana zubewa, tim, a jima kuma, tim. Da ya ɗauke na je na auna. Taku tara. Na so in faɗa wa Baba, na je har bakin ƙofarsa sau biyu na dawo. Zai ɗaga murya, magana ta kai coci, kuma Kaka ce babba a zumunta. In na yi shiru kuma, babu abin da zai riƙe ƙasar kabarin.

Da sassafe ran Asabar na same ta a durƙushe da ƙaramar fartanya, tana tuge wani ɗan tsiro da ya tsira mata.

"Ina kwana, Kaka."

"'Yar boko, yau kin riga kaji tashi? Miƙo mini tsintsiya."

Ban miƙa ba. Na nuna mata bakin ramin, na ce saura taku tara.

"Na gani. Kin ɗauka idona ya mutu?" Ta share ƙasa daga kan simintin kabarin da tafin hannunta. "Mutumin da ko rigar gona sai ya goge. Yanzu a ce ya kwanta cikin jeji, ina raye?"

Na durƙusa kusa da ita, don kada muryata ta kai cikin gida.

"Kaka, don Allah ki bar jemar nan ta kama. Ki share kan simintin kawai, ni zan riƙa yanke ta daidai da almakashi har in koma makaranta. Kuma ki yi wa mai unguwa magana da kanki yau, kafin a fara gayya, kada su je rugar gobe."