Hotona a tallar kayan mata

A lokacin ina da shekara goma sha tara, na gama lise, wato babbar sakandare, a Magaria, na koma gida Dogo-Dogo ina jiran tafiya Zinder karatun ungozoma. Baba ya amince da ƙyar. Ni kuwa ba ni da haƙuri, abin da ke bakina shi nake faɗa, kuma ina son hoto kamar me.

Kawuna mai kai wake kasuwannin Najeriya shi ya zo da maganar. Ko zama bai yi ba, ya miƙa wa Baba wayarsa. Ni ce, da leshin sallata, a wani shafin Facebook na masu sayar da kayan mata, an rubuta a ƙasa wai na gwada, mijina ya daina fita. Ni da ko baiko ba a yi mini ba! Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinyar da ta sayar da fuskarta tana gabansa, me za ta sayar in ta yi nisa? Ya ce in ban nuna masa yadda hoton ya fita ba, in manta da Zinder.

Na rubuta wa masu shafin su cire, suka toshe ni. Wata ƴar ajinmu ta koya mini yadda ake saka hoto a Google ya nemo inda yake. Na same shi a shafuka huɗu, ɗaya har an ƙara mini hasken fata. Zargina ya faɗa kan ƙawayena biyu, don su kaɗai na tura wa. Na tare ɗayar a bakin pampo na zazzage mata, tana rantsuwa tana kuka, ban saurara ba.

Sai na ɗana tarko. Na ɗauki sabbin hotuna uku da ɗankwali daban-daban. Ja na tura wa ɗaya, shuɗi ga ɗayar, mai ruwan ƙwai na bar shi a wayata don bai yi kyau ba. Na yi ta duba shafukan nan har abinci ya daina shiga mini. Da sabon hoto ya fito, mai ruwan ƙwan ne. Sai na tuna wanda nake bar wa wayata. Gidanmu babu wuta, wurin mai caji na bakin tasha muke kai waya, kuma tun tuni na ba shi kodin buɗe wayata don ya riƙa zuba mini waƙoƙi. Magidanci ne, kullum ƴata yake ce mini.

Na faɗa wa Baba, ya sa hularsa, muka tafi. Mutumin ya fara musu, da ya ji an ambaci jandarma sai ya amsa cewa wani ɗan tsallaken iyaka ne ke karɓar hotunan ƴan mata a wurinsa. Ashe ba ni kaɗai ba ce. A hanya Baba ya ce in shirya kayana.

Na tafi Zinder. Shafuka biyu an rufe su, sauran suna nan, kuma ni da ƙawar da na tare a bakin pampo har yau gaisuwa kawai muke. Ƴan uwana mata, kada ku ba kowa kodin wayarku, ko da ya haife ku a shekaru. Ku riƙa neman hotunanku lokaci-lokaci, kuma kafin ku zargi wani, ku tabbatar. Gobe in na shiga ɗakin haihuwa, ban san wace ce a kan gado ta riga ta san fuskata ba.