Tsamiyar Da Ta Koma Gonar Maƙwabci

Da hantsi za ka same shi a ɗakin da ke bayan shagon tela, katako a cinya, yana sassaƙa da 'yar wuƙarsa. Mai Katako ake ce masa. Yakan fita karkara ya zauna bakin rafi, ya dawo ya fitar da rafin a jikin itace, ya shafa tawada, ya kifa takarda, ya murza da bayan cokali. Yana ɗagawa sai ga shanu da balbelu. Yanzu hannu ya fara rawa, ya ce zai ajiye wuƙar. Ni tun rasuwar matata ban yabi kowa ba, rabin littattafan da na karanta ma asarar takarda ne. Amma wannan mutum ya cancanci jinjina.

Tela ne shaidata. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a wurinsa, ido ya yi rauni, ta ƙi abinci, ba ta da zance sai gonarta. Mai Katako ya je har can, ya zana gonar a katako yadda ya gan ta, ya sassaƙa, ya buga. To, abin da ke dama a katako, a hagu yake fitowa a takarda. Masu saye ba su taɓa damuwa ba, tunda ba gonarsu ba ce.

Tsohuwa ta kai takardar dab da hancinta.

"Wa ya mayar mini da tsamiya gonar maƙwabci?"

"Inna, hoto ne fa," in ji tela.

"Hoton ne zai ba wancan marowacin tsamiyata? Kai kuma Mai Katako, ɗan nan, da furfurarka ba ka san dama da hagu ba?"

Mai Katako ya yi dariya har da hawaye. Ya je ya wanke katakon ya kawo mata kyauta, ya sani sarai ba zai ƙara buga ko takarda ɗaya da shi ba. Ta bi katakon da yatsa: kunyoyi, rijiya, tsamiya a inda Allah ya dasa ta.

"Yanzu na ji batu. Amma ciyawa ta yi yawa." Ta juya ga ɗanta. "Zubo abincin nan. In ban tashi ba, ba mai nome ta."

Mai Katako, kai ne ka maido wa tsohuwa gonarta har bakin gado, maƙerin rafi da inuwa. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu hannu lafiyayye, ku zo ku koya, ƙofarsa a buɗe take, wuƙar kuma da sauran kaifinta.