Itatuwan da Yayana Ya Zana da Gawayi

Abinci nake sayarwa a bakin titin Kankia, inda motocin Kano da Katsina suke tsayawa. Shinkafa da wake da safe, tuwo da rana. Murhu huɗu gare ni, duka gawayi suke ci. Da itace na fara, sai hayaƙi ya dinga cin idona, direbobi kuma suna ƙorafin miya tana warin hayaƙi, na koma gawayi kamar kowa. Ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Mai kura ya kawo buhu, in zazzage, in hura, shi ke nan.

Yayana shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. A Kaikai aka haife mu, can ƙasar Kusada, amma tun da iyayenmu suka rasu ba mu cika zuwa ba, gonar ma 'yan uwa ke nomawa. Shi sana'arsa rubutun allunan shaguna da bayan motoci. Rumfarsa ba ta da nisa da tawa, don haka kullum bayan azahar wurina yake cin tuwo.

Wata rana yana jiran in zuba masa, sai ya sunkuya ya ɗauki wani guntun gawayi daga bakin buhu. Ya juya shi, ya kankare da farce.

"Auta, kin san wanga?"

"Gawayi ne mana, Yaya."

"Ɗorawa ce." Ya sake ɗaukar wani. "Wanga kuma kaɗanya."

Na ce to, sai me? Na miƙa masa tuwonsa. Ya zuba guntayen a aljihu, ya ɓata farar rigarsa.

Ran Juma'ar da ta biyo baya ya hau babur ya tafi Kaikai. Da ya dawo bai zo cin abinci ba, ni na bi shi rumfa da kwano. Ya ce min daga bakin hanya har gonarmu kututture kawai ya gani. Ɗorawar da mahaifiyarmu take tara kalwa a gindinta ta yi daddawa, babu. Tsamiyar kan hanyar rijiya, babu. Ya ce har ya ɓata hanya a ƙauyen da aka haife shi, domin da itatuwa yake gane kwanar hanya.

Daga nan ya fara zanen. Yana bin masu gini yana karɓar takardun buhun siminti, ya farke su, ya kakkaɓe, ya manne su biyu-biyu da kullun sitaci. Gawayin kuwa daga buhuna yake ɗiba. Ko wace itaciya daga ka yake zana ta, yadda ya san ta tun yana yaro: wadda ta rabu biyu daga gindi, wadda tsawa ta taɓa tsage wa reshe, wadda ke da kogon zuma. A ƙasan ko wacce ya rubuta inda take tsaye a da. Ban san yana riƙe da su haka a ransa ba. Ni da muka tashi tare, sai da na gan su a takarda na tuna.

Ya jera su a bangon rumfarsa, suna kallon titi. Wasu direbobi dariya suka yi, suka ce aiki ya yi masa ƙaranci ne. Wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya da ƙwaryarta a ka, ta daɗe tana kallon ɗaya.

"Tsamiyar ga na san ta," in ji ta. "Nan muke tsayawa da shanu in rana ta yi zafi."

Yaya ya ce ita ce. Ta gyara gammonta ta wuce, ko tallar ba ta yi mana ba.

Akwai kuma wani dillalin gawayi da ya zo da kansa, ba da faɗa ba. Ya kalli zanen ya ce, "Malam, ka iya. Amma masu saran nan ba don nishaɗi suke yi ba. Damina ba ta kai su rani. In sun daina, kai za ka ciyar da su?" Daga baya Yaya ya ce min maganar mutumin ta fi dariyar direbobi yi masa ciwo.

Babban zanen shi ne ya haɗa mu faɗa. Takarda takwas ya haɗe. Ya zana doguwar mota shaƙe da buhuna, rassa da ganye suna leƙowa daga bakin ko wane buhu. A gabanta tukwane ne a kan murhu, jere, tukunya bayan tukunya har ƙarshen takarda, bakinsu a buɗe. Ta farkon na gane ta nan take. Tawa ce, babbar ta tuwo, mai kunne ɗaya da lotsawa a gefe. Duk wanda ke cin abinci a wurina ya san ta.

Na jira mutane suka ragu, na ce, "Yaya, duk tukwanen garin nan tawa ka ga dama ka sa a gaba? Ni na sare dajin?"

"Ita na fi sani, Auta. Kuma daga cikinta nike ci kullum. Da ina zana mutane da kaina zan sa a gefenta da kwano."

Ban karɓi wannan ba. Kwana huɗu ban yi masa magana ba, sai dai in aika masa da tuwo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san ba ƙarya ya zana ba. Na gwada tukunyar gas a lokacin, ban jure ba, manyan tukwanena ba su zama a kanta, kuma in gas ɗin ya ƙare sai an je nema. Na koma gawayi ina jin kunyar kaina.

Ana haka wasu mutane suka tsaya da farar mota, daga wani ofishi a birni. Suka ce za a yi bikin dashen itatuwa a yankinmu, suna so su ari zanen a nuna wa manyan baƙi, bayan nan kuma a kai su Katsina jama'a su gani. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ɗinka sabon kaftani. Ya yi wa ko wane zane katako a sama da ƙasa don ya rataye daidai. Mutanen nan kuma da suka ji ni mai abinci ce, suka ba ni aikin girkin taron. Na karɓa. Buhun gawayin da na ƙona a wannan rana ɗaya ya fi na mako guda, don a ciyar da masu bikin ceton daji.

An kafa rumfuna, an yi jawabai. Manyan baƙi suka tsaya gaban babban zanen aka ɗauke su hoto, bayansu ya rufe motar da tukwanen. Yaya yana tsaye a gefe da sabon kaftaninsa, yana jira a kira shi ya yi bayani. Ba a kira shi ba. Wani ma ya ce masa ya ɗan matsa, yana shiga hoto. Aka dasa 'yan tsirrai a gaban masu ɗaukar hoto, sauran aka bar su cikin baƙar ledarsu a jikin katanga. Da taro ya watse, filin nan fari fat da ledar ruwa da robobin abincina. Kafin mu gama loda tukwane awaki sun fara cin tsirran.

Aka ce masa ya bar zanen, mota za ta zo ta kwashe su. Mako ya wuce, wata ya wuce. In ya buga waya a ce ana shiri. Ranar da ruwan farko ya sauka ya kasa haƙuri, ya ɗauke ni a babur muka je inda aka yi bikin. Mai gadin wurin ya nuna mana wata baranda a bayan ɗakin ajiya. Guda uku muka tarar, sun jiƙe sun manne da juna, gawayin ya zube ya zama baƙin ruwa a kan siminti.

"Sauran fa, Baba?" in ji Yaya.

"Takardun simintin? Ai na ga ba mai so, na ba mai tsire ya naɗe nama. Katakon kuma na hura wuta da shi."

Tsohon bai san ya yi wani abu ba, har yana tambaya ko muna son ya nemo mana wasu takardun. Yaya ya gode masa. Muka hau babur. Da muka iso Kankia ya sauke ni a rumfata ya wuce.

Bai ƙara ɗibar gawayina ba. Bayan damina ya rufe rumfarsa ya koma Katsina, yana fentin sababbin gidaje. Sai a yi wata biyu ban gan shi ba.

Bara muka haɗu a Kaikai, wajen ta'aziyyar wani kawunmu. Rana ta take, kuma babu inuwar da za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, sai da aka yi hayar rumfar tamfol daga Kusada. Zafi a ƙarƙashinta kamar ɗakin gasa burodi. Na fito kawo wa maza ruwa, na ji wani abokinsa na yarinta yana tambayarsa, "Wai har yanzu kana zanen itatuwan nan?"

"A'a," in ji Yaya. "Bango nike shafawa. Fari ko ruwan madara, duk wanda mai gida ya ce."

Ya karɓi ruwan daga hannuna, ya sha, ya tambaye ni ko akwai motar da za ta koma kafin la'asar.