Allunan da Isufu Zai Zaɓa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Isufu. Zuciya ce ta tsaya masa a cikin motarsa, yana layin jiran fasinja a filin jirgin JFK. Ni na wanke shi. Ba shi ne na farko da na wanke ba, kuma ba na yawan magana a kan mamaci bayan addu'a. Amma bana wani abu ya faru, dole in faɗi kaɗan.

Waɗanda suka san shi a unguwarmu ta Soundview sun san yana da wani hali da muka ɗauka taɓin hankali ne. Mutumin Maraɗi, wanda da bai san ƙanƙara ba sai ta cikin ruwan sha, ya kamu da son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wata rana ya kai wani fasinja duwatsun arewacin jihar nan, aka ce ya jira, ya gaji da zama, ya karɓi aron allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, waɗanda ake ce wa siki. Daga ranar ya fi ƙarfinmu. Mu sanyi yakan kore mu cikin ɗaki, shi kuwa sai ka gan shi yana duban sama kamar manomi mai jiran ruwan shuka. Daga baya ya sayi nasa allunan. 'Yarsa Ramatu tun tana ƙarama yake tafiya da ita, ya sa ta tsakanin ƙafafunsa su sauko tare.

Da ya rasu muka yi yadda muka saba. Aka tattara kayansa, aka ba da na bayarwa, sauran aka sa a kwantena zuwa gida. Matarsa Zalika ta ce ba ta iya kallon allunan a bayan ƙofa, sai suka bi kaya. Yau suna ɗakin mahaifiyarmu a Maraɗi, an ɗora su a kan bulo, ta jera kwanukanta a kai. Kullum sai ta goge su. Tana faɗa wa maƙwabta kayan aikin Isufu ne. Babu wanda zai iya buɗe baki ya ce ta mayar.

Ramatu ta zama budurwa. Da sanyin bana ya shigo ta ce tana so ta koma dutse. Uwarta ta ƙi. Akwai maganar mutane, amma tsoro ya fi yawa: ta rasa ɗaya, ba ta son a kira ta a waya karo na biyu. Yarinyar dama da Hausa ake mata magana ta mayar da Turanci, sai Turancin ma ya ƙafe. Gida ɗaya, kowa na cin abincinsa shi kaɗai. Na ga inda abin ya nufa. In aka hana ta, ɗan abin da ya rage mata na ubanta ya tafi, uwar ma za ta rasa ta tana gani.

Ƙarshe Zalika ta kira ni.

“Yaya, in kai za ka zaɓa mata allunan da hannunka, ka kai ta, ka dawo min da ita, na yarda.”

Ina jin ta ɗauka zan ƙi. Na ce to.

A kantin kayan siki na sauko da mafi tsawo, mafi nauyi, wanda ko ka taka shi ba ya motsi. Haka muke saya wa yaro abu. Wando da tsawo a naɗe ƙafar, takalmi da fili a cusa tsumma, ya girma ya cika su. Haka ubanmu ya yi mana, haka na yi wa nawa. Ramatu ta dubi allon, ya wuce kanta da kamu guda, ta ce da Hausarta mai karyewa, “Baffa, na gama tsawo.” Matar da ke sayarwa ba ta ji Hausa ba, amma ta gane.

Na tsaya da allon a hannu. Sai na tuna na taɓa tsayawa a irin wannan wuri da Isufu, ina ta masa faɗa cewa yana ɓata mana ranar aiki. Na ɗauka ban saurare shi ba a ranar. Ashe maganarsa ta shiga.

Ya ce dogon allo mai tauri na masu tsere ne, hanya ɗaya ya sani, gaba. Shi ba tsere yake ba, wasa yake. Yana son wanda bakinsa ya ɗaga gaba da baya, don in ya juya yana saukowa da baya kada ya caki ƙasa. Yakan kafa gindin allon, ya riƙe kan, ya danna tsakiya da tafin hannu. Wanda ya lanƙwasa ya dawo da kansa kamar ɗanyen reshe, shi yake ajiyewa gefe. Sannan ya bi ƙarfen gefen da babban yatsa, yana neman mai kauri, domin ƙanƙarar duwatsun nan tauri gare ta, akwai tsakuwa a ƙarƙashi, shi kuma ba ya ganin abin tsallakewa ya kauce. Faɗi kuwa matsakaici. Siriri nutsewa yake a sabuwar dusa, mai faɗi da yawa ba ya kama wurin da ya daskare. Na tuna yadda ya faɗa: “Allo ɗaya nake so, Yaya, ya kai ni ko'ina a dutsen, kuma kada ya hana ni dariya.”

Na mayar da dogon. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, ina shafa gefe. Ramatu na kallon hannuna. Na tsayar da wani kusa da ita, ya zo mata daidai goshi. Mai kantin ta tambayi nauyinta, ta duba, ta ce ya yi, ta ƙara mana da hular kwano da za ta zauna a kan kallabi.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da zai leƙo yau. Aikinmu ya canja, waya ce ke kawo fasinja, rabin abokansa na layin filin jirgi sun watse. Ba na jin wannan zai dame shi. Dariya zai fara yi, ya ga yayansa da furfura yana lanƙwasa allo a kanti. In ya ga tsawon 'yarsa kuma, ban san abin da zai yi ba.

Ranar Lahadi na kai ta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kafin azahar ƙafarta ta tuna. Na tsaya a gindin dutsen da waya a hannu ina ɗaukar bidiyonta yadda ta nuna min, yatsuna sun ƙage.

Muka iso gida da sauran rana. Zalika na bakin ƙofa. Ta taɓa hannuwan yarinyar, ta taɓa gwiwoyinta, ta tambaya ko ta ci abinci. Na miƙa mata wayar. A tsaye ta kalla, ta sake kallo.

“Haka Isufu yake buɗe hannu,” in ji ta. Sannan ta ce, “In za ku koma ku tafi da ni. A mota zan zauna.”

Isufu bai bar gida ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari ban san sunan da zan ba shi ba. Na dai san mako mai zuwa mu uku ne a mota, kuma uwa da 'ya suna kicin suna gardamar abin da za a dafa na hanya, ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. Allah ya sanyaya maka makwanci, ƙanena.