Tukunyar Ɗaki Tara ta Malam Eshmurod

Malam Eshmurod, maƙwabcina a ƙarshen layinmu a garin Margilon, ya yi shekara talatin da takwas yana koyar da lissafi. 'Ya'yansa maza uku ne. Kamar kowane uba a nan, duk wanda gemu ya fara fito masa sai ya gina masa ɗaki biyu a tsakar gida, har gidan ya kai ɗaki tara idan aka haɗa da na baƙi, wanda ake buɗewa sau uku a shekara a kakkaɓe dardumai. Su kuwa yaran, kamar na kowa, suka tafi Rasha neman aiki. Anvar, babban, ya dawo ya kwashe iyalinsa. Na biyun ma haka. Jikoki biyar aka haifa wa Malam, duk a waya ya san su.

Autan, Otabek, shi ya bar matarsa Gulnoza a gida da ciki, tunda auta ne ke riƙe gidan uba. Da kaka ta yi, tsohuwar tukunyar ɗumin gidan, wadda ke dafa ruwa da gas ta tura shi bututu ya zaga ɗakuna, ta tsage. Otabek ya bugo waya ya ce haihuwa a Janairu za ta faɗo, kuma surukarsa ta ce in babu ɗumi, a bene wajensu a garin Fargona 'yarta za ta yi kwana arba'in. Malam ya san gidansa: wanda ya fita da akwati ba ya dawowa.

Ni na raka shi kasuwa, shi da matarsa Zulhumor, wajen Usta Ravshan mai sayar da tukwanen ɗumi.

"Ɗaki nawa ne, Baba?" in ji Usta.

"Tara."

"Mutum nawa a ciki?"

"Ɗaki ka tambaya, na ba ka amsa."

Usta ya yi dariya. "Baba, na san layinku. Bututun gas ɗinku tun kana saurayi aka binne shi. In sanyi ya kama kowa ya kunna, abin da ke isowa gidajen ƙarshe bai fi numfashin kyanwa ba. Ƙaramar tukunyar nan tana lallaɓawa da shi. Babbar kuwa gimbiya ce, in ba ta ƙoshi ba sai ta yi yaji."

"Ƙaramar ɗaki nawa take ɗauka?"

"Uku. In an matsa mata, huɗu."

"Sauran fa, in yaran suka zo?"

"Yaushe za su zo, Baba?"

Malam ya shiga karanta takardar da ke manne jikin babbar.

Zulhumor ta ja hannun rigarsa. "Baban Anvar, ka ji maganar bawan Allahn nan. Mu uku ne sai jariri."

"Ke kuma so kike unguwa ta ga an shigo da tukunyar ɗaki uku gidan mai 'ya'ya uku? Ai gara in hau katanga in yi shela cewa sun bar mu."

Babbar ya saya. Sai da ƙarti huɗu suka ɗora ta a bango. A Nuwamba ta yi aiki kamar za ta gasa gidan. Malam ya buɗe ɗakunan nan tara, ya dafa shinkafa da nama ya kira mu, muka zaga muna taɓa bututu muna cewa tubarkalla. Ɗakin Anvar, da ba a kwana a ciki ba shekara shida, ya fi ko'ina ɗumi.

Satin farko na Janairu ƙanƙara ta sauka, kowa ya kunna. Tukunyar ta yi ƙas-ƙas sau uku, ta nuna jar fitila, ta yi shiru. Malam ya rufe bututun ɗaki shida, ya bar uku. Ba ta kula ba, don ita ba ɗaki take ƙirgawa ba, gas take jira. Ya je ofishin gas, suka ce ya rubuto. Ya rubuto da kyakkyawan rubutunsa, suka yaba rubutun. Ya koma wajen Usta Ravshan, ya tarar ƙananan sun ƙare tun Disamba.

"Sai bazara, Baba," in ji Usta. Bai tuna masa da komai ba, ya dai zuba masa shayi.

Ya sayo murhun lantarki, wuta kuma ta koma zuwa awa biyu a yini. Ni ma ba abin da na iya, tawa ƙaramar tukunyar da ƙyar take riƙe ɗaki ɗaya, mu shida a ciki.

Gulnoza ta haifi namiji. Ranar da za a sallame ta daga asibiti, uwarta ta zo gidan da hantsi, ta gaisa da kowa cikin mutunci, ta shiga ɗakin 'yarta ta ɗora tafin hannu a kan bututu. Ta jima a haka. Sannan ta tambayi Zulhumor inda akwatin Gulnoza yake.

Malam ya riƙe jikansa daga ƙofar asibiti zuwa motar surukai, taku ashirin ko ƙasa da haka. Duk Juma'a yakan hau bas zuwa Fargona da burodi huɗu a ƙunshe, a zaunar da shi wajen baƙi, a miƙo masa yaron, a karɓe in ya yi kuka. Arba'in ta zo ta wuce. Sai Otabek ya bugo yana tambayar yadda ake yi wa jariri fasfo. Malam Eshmurod ne ya je ya bi layin ofishin fasfo, don shi kaɗai ne ba shi da abin yi.